Sunan da Na Faɗa a Bakin Kanal

Kafin na shiga labarin shekarar da gini ya tsaya a gidanmu, sai na gyara wata magana da ke yawo a tsakaninku. Na ji ana cewa wai waya ce ta koya mini son ɗana. Na san bakin da maganar ta fito, bakin Sani ne, ɗana na biyu, mai noman tumatir a Bunkure, kuma na riga na ja masa kunne. Ku 'ya'yana da jikokina da za ku karanta wannan bayan ƙasa ta rufe mini ido, ga yadda abin ya gudana daga bakin wadda aka yi da ita.

Ni dai ban taɓa zama a aji ba. Sana'ata turara shinkafa, tun ina da ƙarfin ɗaga tukunya har na koma mai zama a kujera ina nuna wa matan unguwa da sanda. Shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, in ta jiƙu fiye da kima, hancina ke gaya mini tun daga zaure. Rubutu kuwa na bar wa masu shi. Duk abin da kuke karantawa a littafin nan baki ne ya faɗe shi, sannan aka mai da shi baƙi. Rabi, autata, ita ce ke aiki a ofishin wani injin casar shinkafa a nan Kura, ita ce kuma ta matsa mini in ba da tarihina kafin in fara mantuwa. Na ce mata ranar da na fara mantuwa ita za ta fi kowa murna, don har yanzu ina riƙe da kwanukan da ta fasa a gidan nan ta ɗora wa kaji. Amma na yarda.

Da farko a ofishinsu muke yi, in an tashi daga aiki. Akwai kwamfuta a kan tebur, a cikinta akwai manhajar da suke rubuce-rubucen ofis da ita. Ni in faɗa, Rabi ta buga da yatsu. Halin abin irin na rijiyar cikin gida ne: a wuri ɗaya yake, sai ka taka ka je, mutum ɗaya ke jan guga, saura su jira. Kuma in Rabi ba ta danna wani wuri ta ce masa ya adana ba, aka ɗauke wuta, shi ke nan, magana ta bi iska. Labarin jakinmu Ɗan Duna, wanda ya faɗa kanal da mangalar albasa ya fito yana atishawa, sai da na yi ta maimaita shi har na fara jin haushin jakin, alhali ya daɗe da mutuwa. Ga ƙurar ɓuntu tana shiga maƙogwaro, ga sauro a ƙarƙashin tebur. Abu ɗaya na yaba wa wancan zamanin: abin da na faɗa yana nan tsakanina da Rabi da akwatin, ba idon da ya gan shi.

Wata rana, lokacin dashen albasa, Rabi ta shigo gida da waya a hannu tana ta fara'a.

"Inna, an sake wa manhajarmu suna. Har tambarinta an canza."

"An yanka rago?"

"Kai, Inna!"

"To ba suna aka sake ba, laƙabi ne. Mutumin dai shi ne?"

"Masu ita su ne dai, rubutunmu ma duk an kwaso shi. Amma halinta ya canza. Yanzu ba sai kin je ofis ba, a waya za mu yi. Ba ta jiran a ce ta adana, da kanta take yi. Kuma ba a cikin kwamfuta abin yake zaune ba, yana cikin gajimare."

Na ɗaga kai na duba. Sama tas, ko ɗigon fari babu.

"Yau ba a buɗe ba ke nan."

Ta yi dariya har ta dafe ciki. Na san ba wannan gajimaren take nufi ba, karatu ne ba ni da shi, ba hankali ba. Sunan ne bai kwanta mini ba. Da hadari suka ce da na ɗan saurara, don hadari yakan zubar da wani abu, gajimare kuwa wucewa kawai yake yi. Mu mutanen wannan yanki, tun da aka haƙa kanal ruwan Tiga ya gangaro mana, muka rage ɗaga kai sama da rani. Sai Rabi ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce can wani wuri mai nisa ake tara rubutun a manyan injina, wasu ne ke kula da su. Da, sau ɗaya ake sayen manhajar a zuba a kwamfuta, yanzu kuwa ofishinsu biya yake yi wata-wata. Daga can rubutun ke zuwa kowace wayar da aka buɗe wa ƙofa, muddin akwai sabis.

"Ki ce kanal mana," na ce mata. "Ruwa yana can nesa a dam, a hannun wasu. Kowace kaka a biya, a buɗe ƙofa ya gangaro gonarki. Ranar da aka rufe daga sama, ki zauna kina kallon busasshen rami."

"Kusan haka ne, Inna. Sai dai wannan ko kin ɗiba ba ya raguwa."

Na gamsu da wannan. Abin da ban tambaya ba, kuma duk wanda ya taɓa noman rani shi ya kamata ya fara tambaya, shi ne gonakin wa da wa aka buɗe wa ƙofa.

Rabi ta ba ni tsohuwar wayarta, ta nuna mini wani hoto mai kama da kan ludayi. In na danna shi na yi magana, sai baƙaƙe su riƙa fitowa da kansu, ba yatsan kowa. To, nan na samu abin da nake so. Ina zaune a tsakar gida, ina kallon tukwane, ina ba da tarihina, ba ƙura, ba jiran a tashi aiki. Ba cikakken kunne ne da ita ba. In zakara ya yi cara a tsakiyar magana, shi ma sai ta nemi rubuta shi, kuma Rabi ta ce ba ta bambanta ƙafa da kafa sai an bi ta an gyara. Amma akwai halin da ya sa muka shirya. Wata rana na faɗi gaskiya a kan wata maƙwabciyarmu da ta ari turmina ta dawo da shi a tsage. Da Rabi ta karanta mini washegari, sai na ji an ce wai mun samu ɗan saɓani. Na ce ni ban ce saɓani ba, ki dawo mini da maganata. A zamanin tsohuwar manhaja da sai ta ce ai ta goge, ba ta dawowa. Wannan kuwa har abin da aka goge tana riƙe da shi, da ranar da aka goge, da wanda ya goge. Rabi ta dawo da maganata tana gunaguni. Na ce a raina, wannan abu halinmu ɗaya, ba ma mantuwa.

Yanzu sai na yi maganar ɗana na fari, kuma ku saurara da kyau, ku yaran yanzu da kuke kiran 'ya'yanku na fari da suna tun daga bakin titi. A yadda muka tashi, mace ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta kallonsa ido cikin ido. Uwata haka ta yi wa yayanmu, uwarta ma haka. Da aka yaye nawa, Goggo, yayar mijina Malam, Allah ya jiƙansu duka, ta ɗauke shi zuwa Garun Malam, a hannunta ya girma. In ya zo mana hutu, naman da ya fi girma nake binnewa a ƙarƙashin tuwonsa, in ba Sani ya kai masa, ni kuma in juya baya ina kwashe toka. Da ya zama saurayi ya bi motocin albasa zuwa Fatakwal, ya zauna can, ya yi iyali. Sunansa na annabin da aka bai wa Attaura ne. Ni kuwa ina ce masa wancan, ko na wajen Goggo, ko mutumin Fatakwal. Har kalmomi biyun nan da ake faɗa in za a zuba gishiri a miya na daina faɗa tun ranar sunansa, don in an haɗa su sunan ne ke fitowa. Wannan wurin Rabi ce za ta buga da yatsanta, ba bakina ba ne: mu sa. Ni mu saka nake cewa, ko mu zuba. Duk gidan nan an san haka. Sani yana ƙarami yakan ɗauko gishiri ya tsaya a kaina, ya ce, Inna, wannan mu yi yaya da shi? Muciya ce ke ba shi amsa.

A shekarar da nake ba ku labari, wancan ya aiko cewa ya gaji da zaman kudu, zai dawo gida da iyalinsa gaba ɗaya in an gama cinikin albasa. Ya sa aka fara masa gini a gabashin gidanmu, inda garken Malam yake a da, Sani na kula da magina. Na dai matsar da kujerata zuwa inda nake hango bulo yana hawa, na ce inuwa ta fi a can. Gini ya kai taga.

Ashe tun ranar da aka sake wa manhaja suna, Rabi ta buɗe wa 'yan'uwanta ƙofar littafin nan, kowa yana karantawa daga inda yake. Ni na gano da kaina. Na lura wasu ɗigo-ɗigo masu launi suna fitowa a saman wayar, su jima, su ɓace.

"Rabi, waɗannan idanun na mene ne?"

Ta ɗan sosa kai. "Masu karatu ne, Inna. Duk wanda ya shigo, ɗigonsa zai fito. Shuɗin nan nawa ne. Jan na Yaya Sani ne."

"Ya dace da shi, tumatir. Wa ya ce ki buɗe musu?"

"Ai don su kike yi."

"Don su karanta bayan na mutu, ba su tsaya a kaina ina tuƙi ba. Koren fa?"

"Na babban Yaya ne."

Na ce ta je ta duba wuta a ƙarƙashin tukunya. Daga ranar ban sake maganar a rufe ƙofa ba. Koren yakan fito bayan azahar, lokacin da kasuwarsu ta lafa. Ba na iya karanta ko harafi ɗaya, amma na san lokacin da ya shigo, na san tsawon zamansa. Tun da aka yaye shi ban taɓa samun damar zama ina kallonsa haka ba tare da wani ya kama ni ba.

Sabuwar manhajar tana da wurin da mai karatu zai yi magana a gefe, ba tare da ya taɓa rubutun ba. Sani ya fi kowa cika gefen nan da surutu, wai jakin ba da albasa ya faɗa ba, da shi ya faɗa. Tana kuma da wurin nema: ka buga kalma, duk inda take a littafin sai ya haska. Wannan ne ya jawo mana. Wata safiya na ga Rabi tana kallon waya fuskarta ba daɗi, tana neman sa ta a aljihu.

"Karanta."

"Ba komai ba ne, Inna. Ummi ce."

Ummi takwarata ce, 'yar wancan ta fari, haifaffiyar Fatakwal. Hausarta tana da kutse-kutsen Turanci, amma ba ta da tsoro, wannan kam a wurina ta ɗauko.

"Na ce karanta."

Rabi ta karanta: "Hajiya Kaka, na nemi sunan Baffa Sani, ya haska ko'ina. Na nemi na Anti Rabi, ya haska. Har Ɗan Duna jaki ya haska. Na nemi sunan babana, an ce babu. Shi ba ɗanki ba ne?"

Na ce yarinya ce, ba ta san komai ba, uwarta ta yi mata bayani. Na ci gaba da harkokina. Amma ba a jima ba sai na wayi gari ban ji ƙarar shebur ba. Hantsi ya yi, magina ba su zo ba. Sai ga Sani a kan babur, ya shigo ba waƙa ba tsokana, ya tsuguna ya gaishe ni kamar mutumin kirki. Nan na san akwai magana.

"Inna, Yaya ya ce a dakata da gini."

"Siminti ya ƙare?"

"Bai ƙare ba."

"Albasa ta faɗi?"

"Ba ta faɗi ba. Ya ce zai ƙara tunani a kan dawowar."

"Faɗi sauran, kar ka tauna mini."

"Ya ce shi ba baƙo ba ne, ya san kunya ce, kuma a baki bai taɓa jin komai ba. Amma ya ce rubutu zai wuce mu duka. Ummi ta tambaye shi, ya buɗe baki ya ba ta amsa, sai ya ji amsar ba ta ishe shi shi kansa ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira Rabi na ce ta buga wancan a wurin neman. Ta buga. Na ce ta buga na wajen Goggo, ta buga mutumin Fatakwal. Tana ja da yatsa, waya tana ta haskawa kamar gonar tumatir da ta nuna, ba shafin da babu shi. Yana cikin labarin haihuwa, yana cikin labarin rasuwar Malam, har a labarin jaki shi ne ya shiga ruwa ya jawo igiya.

"Ku gaya masa ya nemi wannan," na ce.

"Ya gani, Inna," in ji Rabi a hankali. "Mu mun san wane ne wancan. Amma jikan Ummi in ya karanta, wa zai gaya masa? Ki bari in buga sunan da hannuna, yanzu a wuce wurin."

"Ke kullum kina kiran sunan. Ba naki yake nema ba."

"To akwai wurin da ake ganin juna a cikin manhajar. In haɗa ku, ku yi magana fuska da fuska."

"In kasa faɗar suna, sai in iya zura masa ido? Tashi ki ba ni wuri."

Ku fahimce ni, don a nan ne Sani ke karkatar da labari. Ban taɓa ganin kunyar ɗan fari laifi ba ce, yau ma ban gani ba. Abin da ka fi ji da shi shi kake rufewa, kamar yadda ake rufe irin shuka a tukunya a liƙe bakin. A wurina faɗar sunan nan daidai yake da in fita kasuwar Bunkure ba mayafi. Don haka na yi zamana, na ce zai huce. Awaki suka tare a sabon ɗakin kafin mai shi, wata har ta haihu a inda aka ce nan ne gadon Ummi zai zauna. Ban damu ba. Abin da ya dame ni ɗaya ne: koren ɗigon ya daina fitowa. Ja ya zo, shuɗi ya zo, azahar ta wuce, la'asar ta wuce, babu kore. Na saba da rashin ganinsa shekara da shekaru, amma wannan ɗan kallon da na samu, da aka ɗauke shi sai na ji gidan ya yi faɗi.

Ranar da aka sako wa ɓangarenmu ruwa, da hantsi, na yafa mayafi, na ɗauki sanda, na ƙulle waya a bakin zane. Na ce wa matan turara zan je duba gonar Malam. Na zaɓi bakin kanal ne saboda abu biyu: sabis ya fi ƙarfi a kan tudun, kuma ƙarar ruwa tana rufe murya. Na zauna a kan simintin ƙofar ruwa. Na duba gabas, masu cirar albasa suna nesa. Na duba yamma, sai ga wani mai keke da kwandunan tumatir.

"Sannu, Hajiya! Ana shan iska?"

"Ana duba ruwa. Wuce, kwandonka na zuba."

Da ya yi nisa na kwance waya, na danna kan ludayin nan. Na ce, ɗana na fari, wanda na haifa shekarar da ruwa ya fara gangarowa wannan kanal, wanda duk inda kuka ga na ce wancan shi nake nufi, sunansa. Nan harshe ya tsaya. Harshen da ya yi wa unguwa guda faɗa, ya kori masu awo da mudun ƙarya, ya ƙi motsi. Na yi bisimilla, na sake ɗaukar numfashi. Sunan bai fito gaba ɗaya ba. A ɓare ya fito kamar goro, rabin farko, sai na haɗiyi yawu, sannan rabi na biyu. Na ƙulle waya na taso na nufi gida.

Na tarar da Rabi ta dawo cin abinci, Sani ma yana nan ya buɗe mini kwanon ɗumame ba izini. Na miƙa mata waya.

"Duba abin da ta rubuta a ƙarshe. A zuci, kar ki ɗaga murya."

Ta duba. Na ga idonta ya kawo ruwa, sai kuma kafaɗunta suka fara rawa, ta toshe baki da mayafi, dariya ta ƙwace mata. Nan ma yatsanta ne zai buga muku abin da ta ce.

"Inna, ta raba shi biyu! Ta rubuta, sunansa mu sa. Me za mu sa?"

"Gishiri!" in ji Sani, har tuwo ya sarƙe shi.

"Bari in gyara, harafi ɗaya ne," in ji Rabi.

"Kar ki taɓa. Na faɗa, ta ji abin da ta ji. Ba zan koma bakin kanal ba."

Sani ya wanke hannu ya fita zaure, wai zai duba tayar babur. Tayar da ake dubawa da waya a kunne. Na ji shi sarai, na yi kamar ban ji ba.

Bayan azahar muna zaune a inuwar ginin da ya tsaya, wayar tana kan cinyata, sai koren ɗigon ya fito. Ban kira kowa ba, amma kafin in ankara kan Rabi yana kafaɗata ta dama, na Sani yana ta hagu. Wani ɗan siririn kore ya gangaro cikin rubutun, Rabi ta ce wannan shi ne inda hannunsa yake. Ya wuce layi, ya wuce layi, ya zo ƙarshe ya tsaya. Ba sai na iya karatu ba. Ina ganin 'yan baƙaƙe kashi biyu, kamar fangali biyu da 'yar hanya a tsakaninsu, koren yana tsaye a kan hanyar. Ya daɗe a wurin, har akuya ta zo ta ja bakin zanena ban kore ta ba. Shi ya san bakina. Ya san tun ranar sunansa waɗannan kalmomi biyu ba su taɓa fitowa daga cikinsa a jere ba. Sai na ga hanyar ta rufe, fangali biyun sun zama ɗaya, harafin farko ya miƙe ya fi saura tsawo.

Can sai wani ɗan akwati ya buɗe a gefe, inda masu karatu ke magana.

"Ya rubuta wani abu," in ji Rabi.

"Da yawa?"

"Kalma ɗaya ce, Inna. Ya ce, na'am."

Na ce hayaƙin turara ne ya shiga mini ido, ko da yake an kashe wuta tun kafin azahar. Sani, wanda ba ya iya barin abu ya zauna lafiya, ya matso.

"To Inna, tunda an fara, maimaita mu ji da kunnenmu."

"Muciya tana nan inda ka san ta."

Washegari ƙarar shebur ce ta tashe ni. Sai da aka yi dambe da awaki kafin su bar ɗakin, mai jegon ma sai ɗaukarta aka yi. Kafin ruwan farko an yi rufi, kafin shinkafar damina ta fitar da kai motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Ummi ce ta fara dirowa, ta zo ta rungume ni a gaban jama'a ba ko sallama, ta ce ta sake nema, yanzu ya haska. Na ce wuri ɗaya ne, kar ta sa rai da na biyu. Shi kuwa ya tsuguna daga nesa ya gaishe ni, na amsa ina kallon tukunya, na ce a kai masa tuwo. Ya san inda zai tono naman.

Matan tsarata sun ji labari, don abin da ya shiga kanal ba ya tsayawa a gona ɗaya. Wata ta ce na zubar da girma, wata ta zo a ɓoye tana tambaya ko Rabi za ta nuna mata kan ludayin. Duka biyun na ba su ruwa suka sha. In kun tambaye ni tsakanin tsohuwar manhaja da sabuwa, tsohuwar ta fi rufa asiri, sabuwar ta fi tara mutane, kuma Rabi ta ce kwanan nan ma za a iya sake mata wani sunan. Su suka sani. Su sunansu ba ya musu nauyi a baki.

Ba waya ce ta koya mini komai ba, Sani. Kunne kawai ta ara mini ranar da nake buƙatar wanda ba shi da ido. Na kira, ya amsa, kuma an ce ko an goge yana nan. Yanzu haka ga shi can a gabas yana gardama da kai a kan inda za a ɗaure awaki, murya kamar ta Malam. Ummi, ajiye wayar nan, je ki kira mini wancan, abincinsa na hucewa.